Gidan Da Burodi Ke Kaɗa Ƙararrawa

A wannan wata zan ɗan fitar da ku daga unguwa, mu leƙa wani gida a ƙasar Amurka. Yau shekarata ashirin da biyu ina riƙe da alli, kuma tun ranar da na fito daga kwalejin horon malamai ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wata hanyar ilmantar da yaro ba in ba a tura shi makaranta ba, inda akwai aji da allo da rajista da ƙararrawa. To a babban hutun shekarar 2023 ƙanena ya aiko mini da tikitin jirgi, na je na yi mako uku a wurinsa a garin Manassas na jihar Birjiniya, kimanin kilomita 50 daga birnin Washinton. Na ga benaye, na ga tituna, amma abin da na dawo da shi a rai shi ne kicin ɗin maƙwabtansa.

Kwana biyu da saukata, wajen hantsi, sai ƙamshin burodi ya shigo mini ta taga, irin wanda mu a nan sai mutum ya bi ta bayan gidan burodi da asuba yake jinsa. Da na leƙa sai na hangi yara huɗu a kan wani dogon tebur a bayan gida, kowa da littafi da fensir. Farkon watan Agusta ne, makarantun garin suna hutu. Na tambayi ƙanena wane laifi waɗannan suka yi ake musu darasi cikin hutu. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai waɗannan ba su taɓa taka makaranta ba. Uwarsu ce malamarsu. Hutunsu sun cinye shi tun watan Disamba da aka yi musu ƙanwa, yanzu biyan bashi suke yi."

Mutanen gidan 'yan ɗarikar Katolika ne. Maigidan sana'arsa gyaran wutar lantarki, uwargidan kuwa ta yi karatun akanta, har ta yi aiki shekara huɗu kafin ta ajiye. 'Ya'yansu bakwai: babbar mace ce mai shekara 15, sai namiji ɗan 13, mace 'yar 11, namiji ɗan 9, sai ƙanana biyu, sai ta goye. Matar ƙanena, wadda suka saba musayar tumatir da burodi ta kan shinge, ita ta gaya mata cewa yayan mijinta malamin makaranta ne. Washegari sai ga gayyata. Da sunan baƙo na je, amma in faɗi gaskiya idon sufeto na tafi da shi. Kafin ma in zauna uwargidan ta ce in kwantar da hankalina, ba ta sa kitsen alade a burodinta, bota ce kawai da man zaitun. Ashe matar ƙanena ta daɗe da koya mata wannan karatu.

Jadawalin da kwaɓi ya tsara

Litinin da Alhamis ake gashin burodi, manya guda huɗu kowace rana. Ran Juma'a kuma a yi fiza marar nama, domin ko da yake tun 1966 shugabannin cocin Katolika na Amurka suka sassauta dokar ƙin cin nama ran Juma'a, ta zama tilas cikin azumin gabanin Ista kaɗai, gidaje irin wannan suna riƙe da tsohuwar al'adar duk shekara.

A makarantarmu ƙararrawa ce ke raba darasi da darasi. A gidan nan kwaɓi ne. Da ƙarfe bakwai da rabi, bayan an yi addu'ar safe a gaban wani ɗan tebur mai gicciye da kyandir da hoton Maryamu, an kuma karya kumallo, sai a kwaɓa fulawa, a murza ta minti goma, a rufe da tsumma a ajiye kusa da taga. Kwaɓin yana bukatar wajen awa ɗaya da rabi kafin ya ninka girmansa. Wannan awa ɗaya da rabin shi ne darasin lissafi. Idan ya tashi sai a naushe shi iskar ta fita, a yanka gida huɗu, a mulmula a sa cikin gwangwanin gashi. Wannan shi ne fita tara, har ƙananan ma kowa a gutsura masa ya yi ɗan tsuntsu ko ɗan kifi. Tashi na biyu minti 45 ne, na nahawun Ingilishi ga manya, haɗa baƙi ga ƙanana. Daga nan sai tanderun lantarki, minti 35, da zafi 375 a ma'aunin Amurkawa, wato wajen 190 a namu. A lokacin ne uwar ke zama da jaririya a cinya tana karanta musu tarihi ko labarin wani waliyyi, su kuma suna saurare, rabin hankalinsu yana wajen tanderu. Kafin sha biyu burodi ya sha iska, an ci abincin rana, ƙanana sun tashi. Manyan biyu ke ci gaba har wajen ƙarfe uku da aljabara da Latin da koyarwar addini.

Ga abin da ya fara kwance mini ɗamarar sufeto. Takardar haɗin burodin, wadda kakarsu ta rubuta da hannu, ta guda ɗaya ce: fulawa kofi uku, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, yis ƙaramin cokali biyu da rubu'i. Uwar tana wanke hannu ta tambayi ɗan shekara taran nan, in guda huɗu za a yi, yis nawa? Yaron ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce tara. Can kuma ya gyara ya ce gara a ce babban cokali uku, tun da ƙanana uku ke cika babba ɗaya, kada a yi ta ɗiba. Gishirin ma ya ce shida, wato manya biyu. Ni a aji biyar mako biyu nake yi a kan sau da lamba mai ɓari, kuma in na ba da gwaji rabin ajin su faɗi.

Ba wani sihiri a ciki. Abin da aka koya mana ne a kwaleji, muka haddace muka rubuta a jarrabawa: a ɗauki yaro daga abin da ya sani zuwa wanda bai sani ba, daga abin da hannunsa ya taɓa zuwa abin da ke kan allo. Sai dai malamin da ke gaban yara saba'in ina zai sami cokali saba'in da fulawar da za a auna? Har ila yau akwai wani abu da jan biro ba ya yi. Sun ba ni labarin ranar da ɗan shekara 13 ya ɗauki babban cokali a maimakon ƙarami wajen gishiri. Ba a zubar da abinci a gidan, saboda haka kwana uku suna cin burodin da ya fi daddawa gishiri, kowa na hararsa. Tun daga ranar bai sake rikita awon ba.

'Yar shekara 11 kuwa ita ce mai kula da wani kwalba a kan firji, cike da kwaɓi mai kumfa da ɗan warin tsami, wanda kullum take ciyar da shi fulawa da ruwa kamar mai kiwon kaza. Duk matar da ta taɓa barin ƙullun masa ya kwana ta san wannan abu. Sun fara ajiye shi ne a 2020, lokacin kullen korona, da yis ya yanke a kantunan Amurka saboda kowa ya koma gashi a gida. Yarinyar ta yi mini bayani dalla-dalla, cewa yis halitta ce mai rai, danginsu ɗaya da laimar kwaɗi, tana cin sukarin da ke cikin fulawa ta fitar da iska, danƙon alkama kuma ya tare iskar, shi ne kwaɓi ke kumbura. Ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri take so, in zafinsa ya kai wajen 60 ta mutu. Na ƙara mata da cewa shi ya sa gero da dawa ba sa yin burodi su kaɗai, ba su da wannan danƙon. Ta rubuta a littafinta, ta tambaye ni yadda ake rubuta sunayen.

Kada mai karatu ya ɗauka duk don karatu ake wannan gashi. Albashi ɗaya ne, baki tara. Uwargidan, da yake akanta ce, ta nuna mini littafin cefanenta. Fulawa buhu take saye, mai laba 50, wato kusan kilo 23, ya kai su wata guda da 'yan kwanaki. Kayan yara na gwanjo ne ko gadon yaya. Motarsu tsohuwar bas ce mai kujera goma sha biyu. Harajin da ake gina makarantun gwamnati da shi kuwa suna biya kamar kowa, sannan su sayi littattafansu da kuɗinsu.

Me ya raba su da makaranta?

Wannan tambaya ta dame ni, domin in akwai mutanen da aka sani da gina makarantu, to 'yan Katolika ne. Ko a ƙasashenmu wa bai san makarantar Fada ko ta Sista ba? A Amurka ma haka tarihin yake. A 1884 bishop-bishop na ƙasar suka taru a birnin Baltimo suka yanke cewa kowane coci ya gina makarantarsa, iyaye kuma su kai 'ya'yansu can, saboda makarantun gwamnati na lokacin sun karkata ga koyarwar Furotesta. Da jihar Oregon ta kafa doka a 1922 cewa dole kowane yaro ya shiga makarantar gwamnati, wata ƙungiyar Sistoci ce ta kai ƙara, kuma a 1925 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe dokar. A farkon shekarun 1960 yara fiye da miliyan 5 ke karatu a makarantun Katolika kusan 13,000.

Abin da ya riƙe waɗannan makarantu shi ne Sistoci, masu koyarwa kusan kyauta. A 1965 sun kai wajen 180,000 a ƙasar. A 2023 ba su cika 40,000 ba, yawancinsu kuma tsofaffi. Da aka koma ɗaukar malamai masu iyali, masu neman albashi, kuɗin makaranta ya tashi, makarantu da yawa suka rufe. A shekarar da na je, ɗalibansu wajen miliyan 1.7 ne a makarantu kusan 6,000. Wato dai mai 'ya'ya bakwai, wanda ya fi kowa bin koyarwar cocin game da haihuwa, shi ne ya fi kowa kasa biyan makarantar cocin. Maigidan ya faɗa mini wannan yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Bayan kuɗi kuma akwai ƙorafin cewa bayan babban taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, an tsarma wa darasin addini ruwa a wasu makarantun, ga kuma darussan da suka shafi jima'i waɗanda iyaye da yawa ba su yarda wani ya koya wa 'ya'yansu ba. Abin lura a nan, shi wannan taron ne ya fitar da takarda a 1965 mai cewa iyaye su ne malaman farko kuma mafi hakki a kan tarbiyyar 'ya'yansu. Da ita masu karatun gida ke kafa hujja, ko da yake akwai limaman cocin da ke ganin suna janye ɗalibai ne daga makarantar da ke neman faɗuwa.

Ashe garin da na sauka yana da hannu a wannan tarihi. A Manassas ne wata malama, Anne Carroll, ta buɗe makarantar Seton a 1975, kuma a 1980 aka fitar da sashen karatu daga gida. Sashen ya girma ya zama cibiya mai zaman kanta a garin Front Royal, wajen awa ɗaya a mota ta yamma, a ƙarƙashin Dakta Mary Kay Clark, wadda ta wallafa littafi kan karatun gida na Katolika a 1993. Daga can ake aiko wa wannan iyali akwatin littattafai da tsarin darasi na mako-mako, su kuma su tura gwaje-gwaje a duba, a ƙarshe a ba yaro shaidar kammala sakandare. Akwai wasu cibiyoyin irinta, kamar Kolbe da Mother of Divine Grace a Kalifoniya. Sunan Seton kuwa na Elizabeth Ann Seton ne, matar da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta shiga Katolika a 1805, ta buɗe makarantar 'yan mata a Emmitsburg na jihar Merilan a 1810, Paparoma ya sa ta cikin waliyyai a 1975. Hotonta na manne a jikin firjin gidan, kusa da kwalbar tsami.

Ba 'yan Katolika kaɗai ke wannan ba, su ma ba su ne mafi yawa ba. Ma'aikatar ilmin Amurka ta ƙiyasta yara 850,000 ke karatu a gida a 1999, zuwa 2012 sun ninka. A 2020 hukumar ƙidaya ta ce cikin gidaje masu yaran makaranta, masu karatun gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 zuwa 11.1 tsakanin bazara da kaka. Tun 1993 abin ya halatta a duk jihohi 50. A Jamus kuwa haramun ne, Faransa ma ta yi doka a 2021 cewa sai da izinin hukuma.

Kalandar da ake ci

Ranar Alhamis 10 ga Agusta na tarar ba burodi kaɗai ake yi ba. An fito da wani ƙarfe mai baki biyu, mai zanen gidan dara, ana zuba ƙullun fulawa da ƙwai da madara ana gasa wata waina da suke kira wafal. Ranar tunawa da Waliyyi Lorens ce, wani ma'aikacin coci da aka kashe a Rum a shekara ta 258, wanda bisa labarin da aka gada an gasa shi ne a kan ragar ƙarfe. Shi ya sa masu dafa abinci suka ɗauke shi nasu, zanen wainar kuma ya tuna da ragar. Na ɗan yi jim kafin in kai baki, su kuwa yaran ko a jikinsu, suna ta kwarara zuma.

Shekarar gidan gaba ɗaya haka take tafiya, kowace rana mai daraja da abin da ake gasa mata. Ranar 13 ga Disamba babbar 'ya ta sa farar riga da kambin kyandir ta bi ɗaki-ɗaki da ƙananan burodi masu za'afaran, al'adar da aka aro daga Suwidin don tunawa da Waliyyiya Lusiya. Ranar 6 ga Janairu a yi kek ɗin sarakuna uku a ɓoye ƙwayar wake a ciki, wanda ya ci karo da ita ya zama sarkin ranar. Waɗanda suka zauna da Faransawa sun san wannan. Talatar da ke gaban azuminsu na kwana arba'in a soya fanke, domin a da azumin ya hana ƙwai da madara da bota, sai a cinye su kafin a shiga. Cikin azumin kuma a yi wani murɗaɗɗen burodi na fulawa da ruwa da gishiri, siffarsa kamar hannuwa biyu harɗe a ƙirji wajen addu'a. Ranar 19 ga Maris mutanen Sisili suka kawo al'adar shirya tebur don Waliyyi Yusufu, a barbaɗa garin busasshen burodi a kan taliya a matsayin dusar katako, tun da kafinta ne, a kuma fitar wa mabukata. Juma'ar da ke gaban Ista a yi burodi mai zabibi da kirfa da alamar gicciye a kai. Uwargidan ta sauko mini da wani tsohon littafin girki da ya sha maiƙo, wanda Florence Berger ta rubuta a 1949 kan bin shekarar coci da abinci, ta ce gadon kakarta ne.

A idon malami wannan darasin tarihi ne da labarin ƙasa a dunƙule, domin ba a cin abin sai an nemo ƙasarsa a taswirar bango. Sai dai na lura yatsan yaran Turai kawai yake zagayawa. Na tambaya, Afirka fa? Ɗan shekara 13 bai ba ni kunya ba. Ya kawo Monika da ɗanta Agustin, 'yan garin da yanzu ke cikin Aljeriya, da shahidan Uganda, da Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sace aka sayar tana ƙarama, wadda ake tunawa da ita 8 ga Fabrairu. Amma babu ko ɗaya da ake gasa wa wani abu. Matar ƙanena ta ɗauki alkawarin koya musu funkaso.

Akwai gurasa guda da ba a yi a kicin ɗin, ita ce wadda ake rabawa a coci wajen Misa. Dokar cocin ta ce alkama ce zalla da ruwa, ba yis, ba gishiri, ba sukari, kuma gidajen Sistoci da wasu kamfanoni ke yin ta. 'Yar shekara 11 ce ta yi mini wannan bayani, da irin muryar da ɗalibi ke gyara wa malami kuskure.

Yaron da ya san rubu'i

A kwana na biyar na ce a ba ni ɗan shekara taran nan in ji karatunsa. Na buɗe masa littafin da a ƙa'ida na ɗan shekara bakwai ne. Yaron da ya yi sau da biyu da rubu'i a ka, sai ga shi yana gumi a kan layi ɗaya. Yana juya b ta zama d, yana tsallake ƙananan kalmomi, in ya ga farkon kalma sai ya cinci ƙarshenta daga hoton da ke gefe. Na tuna takardar kakarsu: ashe ba karanta ta yake yi ba, haddace ta ya yi. Duk malamin da ya daɗe a ajin ƙanana ya san irin waɗannan yara. Kaifin basira suke da shi, baƙi ne ke yi musu rawa a ido, kuma in ba a tare abin da wuri ba sai su tsani littafi har girma.

Yaya aka yi ba wanda ya gani? Dokar Birjiniya ta ce iyaye su sanar da hukumar ilmi niyyarsu kafin 15 ga Agusta kowace shekara, kuma kafin 1 ga Agusta su kai shaidar ci gaban yaro, ko dai rahoton wani masani, ko sakamakon jarrabawar da aka amince da ita. Abin da ake nema a jarrabawar shi ne jimillar makin lissafi da na harshe ta fitar da yaro daga cikin kashi 23 cikin 100 na ƙasa. In ya gaza, ana iya ba iyaye wa'adin shekara guda su gyara. To yaron nan lissafinsa ya yi sama ƙwarai, har ya ɗauko karatun ya tsallaka da shi. Takarda ta ce lafiya lau. Kuma Birjiniya tana cikin masu sa ido ke nan, ko da yake a can ma iyalin da aka yafe wa dokar saboda dalilin addini ba a neman wata shaida daga gare su. A jihar Teksas ba a neman sakamakon jarrabawa ko ɗaya. Inda ba idon waje, abin kan wuce batun karatu: a 2018 'yan sandan garin Perris na Kalifoniya suka kuɓutar da 'ya'ya 13 daga gidan iyayensu, wasu ɗaure da sarƙa, gidan kuwa yana da rajista a matsayin makaranta. Waɗancan ba 'yan Katolika ba ne, kuma zalunci ne a kwatanta su da mutanen da na ci burodinsu. Amma ƙofar da ta rufe wancan gida irinta ce ke kan kowane gida.

Kwana biyu ina juya maganar. Baƙo raɓa ne, kuma ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka rufa mini asiri, kai za ka hau jirgi, ni zan zauna da su." Amma wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ranar Talata 15 ga wata, ranar da suke bikin ɗaukar Maryamu zuwa sama, wadda a Kamaru ma hutu ce, sun dawo daga coci ana yin burodi mai ganyayen ƙamshi daga lambu, na sami uwargidan ita kaɗai tana murza kwaɓi, na faɗa mata abin da na gani.

Ba ta daina murzawa ba. Ta ce ta sani, tun yana ɗan shekara bakwai ta sani. Ta ce akwai ra'ayin da ya bazu tsakanin masu karatun gida tun littafin da Raymond Moore da matarsa suka fitar a 1975, cewa gara a makara da a yi gaggawa, yaro namiji musamman in aka bar shi zai kama da kansa. Yayansa ma sai da ya kai takwas ya kama. Na ce mata yayansa jinkiri ne, wannan kuwa wani abu ne dabam, kuma yana da masanansa, da hanyar koyarwa ta musamman wadda ni kaina ban ƙware a kai ba balle ita. Sai ta ce, "Malam, in na kai shi wajen wani, ai na yarda ke nan na kasa." Na ce mata tana kai shi wajen likitan haƙori, ban kuma ji ta ce ta kasa ba. Ta juya kwaɓin ta rufe shi da tsumma, ba ta ce komai ba. Na fita ina jin na ɓata wa ƙanena zaman unguwa.

A ranar ne na ƙara lura da babbar. Tana zaune da littafin aljabara a buɗe, jaririya a kafaɗa, ƙafarta ɗaya tana tare ɗan shekara huɗu kada ya je wajen tanderu. Cikin minti ashirin na ƙirga sau shida ta ajiye fensir. Na san wannan yarinyar, akwai ta a kowane aji da na taɓa riƙewa: ita ce ke zuwa a makare da hannu mai ƙamshin omo, ita ce ke gyangyaɗi bayan tara. Bambancin kawai, tamu in ta shigo aji ta sami awa biyar da ba mai kiran sunanta sai malami. Wannan ajinta da aikinta ɗaki ɗaya ne. Ran Laraba kaɗai take samun sarari, sa'ad da iyalai wajen ashirin ke haɗuwa a zauren coci, wata uwa da ta karanta kimiyya ta koyar da sinadarai, wani uba ya koyar da Latin. Yarinyar ta ce mini aikin jinya take so ta karanta, kuma tana ƙirga watannin da suka rage ta fara ɗaukar darussa a kwalejin garin. Uwar tasu kuwa ban taɓa ganin ta zauna ba tare da wani abu a hannu ba. Mu malamai muna kukan albashi, da gaskiyarmu, amma muna da Asabar da Lahadi da fansho.

Ran da zan taso, da asuba, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗan shekara taran ne da burodi guda naɗe cikin tsumma, da kwafin takardar kakarsu. Burodin a filin jirgi muka cinye shi da ƙanena. Takardar kuwa na kawo wa maiɗakina, mun gwada sau biyu a tukunya da yashi a kan gawayi, na farko ya ƙone ta ƙasa, na biyu ya ci.

Bayan wata huɗu ƙanena ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce an kai yaron an gwada shi, abin da na zata ne, yanzu wata tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya tana zuwa masa sau biyu a mako. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, albashin maigida kuma bai ƙaru ba. Da yake dokar jihar ta yarda a sayar da burodin gida kai tsaye in an manna masa takarda mai sunan mai yi da gargaɗin cewa hukuma ba ta duba kicin ɗin ba, sai uwargidan ta ƙara ranar gashi ta uku. Ran Asabar tun ƙarfe huɗu na asuba take tashi, ta gasa guda ashirin, a jera a tebur a ƙofar gida. Ƙanena ya ce yana sayen biyu kowane mako, kuma yaron ne ke rubuta sunan burodin a jikin takardar da hannunsa. Wanda ya saya makon jiya, guda ɗaya b ɗinsa ta dubi gaba, ɗayan kuwa har yanzu baya take kallo.